In Kin Je Zariya, Ki Nemi Ƙofar Fada

 Kwanaki ƙanwata ta ji busar kakaki a rediyo, wai ita hon ɗin tirela ne. Na yi dariya, amma abin ya tsaya mini a rai. Mu 'yan Television waƙar Indiya muka haddace, tamu kuwa sai labari.

Da Ƙaramar Sallah na ja ta Zariya, muka tsaya ƙofar fadar Sarkin Zazzau ranar Hawan Daushe. Ana buga tambari, algaita ta ɗauka, sai yarinya ta yi tsit, ta ƙanƙame hannuna.

Don Allah in kin je garin sarauta kada ki ƙare a gidan biki. Ki tambayi ranar hawa, ki riƙo yara.

Sai wata fitowar.