Cizon Farce Da Kuɗin Kasuwa

Yau maganar cizon farce zan yi, kuma da kaina zan fara, domin na daɗe a cikinta.

Baba yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12 nan Legas, ni nake riƙe masa lissafi tun da na gama sakandare. Duk ranar da motar kaya ta makara daga Aliero, ko kasuwa ta yi sanyi, sai dai in tsinci yatsa a bakina, ban san lokacin da ya je ba.

Mutane suna ɗaukar abin wasan yara. Ni ban yarda ba, musamman ga mai taɓa kuɗi. Ka dubi tsohuwar naira 200 da ta bi hannun mahauci da kwandasta da mai kifi kafin ta iso gare ka. Dattin nan a ƙarƙashin farce yake maƙalewa, kuma wanke hannu na gaggawa ba ya fitar da shi. Ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin taifot da na kwalara duk suna iya bin hannu su shiga baki. Lokacin da kwalara ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024, kowa a rumfarmu maganar ruwan sha yake yi, alhali mu uku muna zaune muna gaigayar farce.

Ni ba kwalara ce ta kama ni ba, ɗan karkare ne. Na ciji gefen babban yatsa har ya yi jini, bayan kwana uku ya kumbura ya tara ruwa, ga zogi ba barci. Sai da aka tsaga shi a asibiti, daga baya farcen ya fita. Farce kusan milimita 3 kawai yake tsiro a wata, don haka na yi wajen wata shida kafin ya dawo. Mako biyu ban iya ƙirga kuɗi ba. Baba bai ce komai ba, wallahi shirunsa ya fi faɗa zafi.

Ina yaro Inna ta shafa min maɗaci, ta dake ni, duk a banza. Gori da duka ba sa raba mutum da wannan hali, domin damuwa ce ke kai hannu baki, kuma duka ƙara ta yake yi. Abin da ya taimake ni shi ne yanke farcen ƙasa-ƙasa duk Juma'a, in kuma riƙe asuwaki idan ina jiran mota.

Amma ku sayi abin yankan naku. 'Yan'uwanmu masu yawon yankan farce neman halak suke, ban raina su ba, sai dai almakashi ɗaya a hannun mutum ashirin hanya ce ta ɗaukar ciwon hanta idan aka samu yanka. Nawa yana maƙale da makullin shago.