Ku Bar Wa Jirgin Gwangwani Muryarsa

Bidiyon bai kai minti biyu ba. Wani yaro ne da ba zai wuce shekara 12 ba, a wani lambu da ke bayan garin Safana, ya shimfiɗa karan dawa biyu-biyu a tsakanin fangalin albasa da na tumatir, ya gitta musu tsinkaye, ya yi layin dogo. Taragunsa gwangwanayen kifi ne guda biyar da ya haɗa da waya, tayoyinsu murafen lemon kwalba, kan jirgin kuma gwangwanin madara ne da ya huda ya soka masa bututun biro don fitar hayaƙi. Yana jan sa da zare, yana yi masa kuka da bakinsa. A bayansa ana jin injin ban-ruwa yana tari, akuya na kiran ɗanta, ƙanwarsa kuma na yi masa magiya ya bar ta ta ɗora 'yar tsanarta a taragon ƙarshe. Ya ce mata sai ta yanki tikiti.

Haka muka fara ganin sa a wani zauren WhatsApp na 'yan gida, muka sha dariya. Bayan mako biyu sai ga shi ya dawo mana ta Facebook da TikTok, amma ba shi ba ne. Wani ya cire muryar yaron ya sa ƙarar jirgin ƙasan Amurka da ya sauko da ita daga intanet. Wani kuma ya lulluɓe shi da kiɗan gogen finafinan Indiya, irin wanda ake sakawa idan jaruma ta rasa uwarta, ya rubuta a ƙasa cewa a tausaya wa yaran da 'yan bindiga suka raba da farin ciki. Jama'a suka yi ta zubo alamar hawaye. Babu wanda ya ji zancen tikiti.

Mu da muke wannan rubutu mun yi motar kara da ta langa-langa a irin wannan ƙura, kafin karatun kwamfuta ya mai da mu masu rubuta manhaja. Saboda haka mun san abin da aka yi wa yaron nan ta fuska biyu, kuma sunan abin sata. An ɗauki aikin hannunsa, an jefar da bakinsa.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a bidiyo kunne ne ke gaya wa zuciya abin da za ta yi da abin da ido ya gani. Ka ɗauki hoto ɗaya ka ɗora masa kalangu, za a ce biki ne; ka ɗora masa goge mai sanyi, za a ce makoki ne. Wanda ya sa kiɗan makoki a kan jirgin nan ya yanke wa mai kallo hukunci tun kafin ya duba: ga abin tausayi. Alhali abin da ke gabansa yaro ne da ya gano da kansa cewa idan tazarar karan nan biyu ba ta daidaita ba, jirgi zai kauce daga layi. Wannan shi ne darasin farko na injiniyan jirgin ƙasa, kuma babu wanda ya koya masa. Jirgi ya isa Kano tun 1911, ya ratsa Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda a 1929, amma bai taɓa biyowa ta Safana ba. Yaron a waya ya gan shi, ya kwaikwaya da abin da ke bola. Irin wannan yaro jinjina ta dace da shi, sai aka miƙa masa ƙoƙon bara da sunansa.

Abin da ya sa wannan ya fi mana ciwo, mun san yadda duniya ke jin labarinmu. Idan aka ambaci Safana ko Batsari ko Runka a kafafen labarai, dajin Rugu ne ke biyo baya, da adadin waɗanda aka kashe ko aka sace. Ba ƙarya ba ne, mun binne 'yan uwa. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da tamu, muka yi watanni sai dai a yi magana a kanmu, mu ba ma iya cewa uffan. Bidiyo a lokacin sai ta Xender da Bluetooth, hannu da hannu. To yanzu da baki ya buɗe, me zai sa mu da kanmu mu toshe 'yar dariyar da ta rage mana da kukan aro?

Shi kuwa mai ƙarar jirgin Amurka, niyyarsa ta fi kyau, yana so abin ya yi kama da gaske. Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Ido na ganin gwangwani, kunne na jin ƙarfe mai nauyin tan ɗaruruwa, nan take abin ya koma barkwanci, yaron ya zama abin dariya maimakon mai ba da dariya.

Turawa ma suna wannan wasa, kuma manyansu ne ke yi. A 1968 wani kamfanin Jamus ya fito da jiragen LGB, ƙananan jirage da ake shimfiɗa wa layi mai faɗin milimita 45 a lambun gida, kowane sashe nasu ya gaza na gaske sau 22 da rabi. A birnin Hambug akwai Miniatur Wunderland, wanda aka buɗe a 2001, inda mutane ke biyan kuɗi don kallon ƙananan jirage. Masu ɗaukar ƙananan abubuwa a fim sun daɗe da sanin dabarar sa su yi nauyi a ido: ƙaramin abu yana girgiza da faɗuwa da sauri fiye da babba, don haka ake rage gudun hoton. Ga jirgi mai girman na LGB, kusan sau biyar ake ragewa. Wayoyi da yawa a yau suna ɗaukar hoto 120 a daƙiƙa guda. Idan aka nuna su 30 a daƙiƙa, gudu ya ragu sau huɗu ke nan. Sauti ma haka yake. Ka naɗi kacau-kacau ɗin murafen kwalba a kan kara, ka rage masa gudu sau huɗu, zai yi kauri ya koma gurnani irin na ƙarfe. Ashe muryar babban jirgi tana nan cikin ƙaramin, ba sai an je Amurka aro ba.

Za a ce mana ai makirfon waya ba shi da kyau, iskar hunturu tana cika shi da huci. Gaskiya ne, kuma maganin bai kai kuɗin katin waya ba. A rufe bakin makirfon da guntun soso ko tsohuwar safa, a juya wa iska baya. A ajiye waya ta biyu a ƙasa kusa da layin don naɗar sauti kawai, a tafa hannu sau ɗaya a farko domin a samu wurin daidaita hoto da murya wajen haɗawa. Kafin a tashi, a yi shiru na minti ɗaya a naɗi sautin lambun kansa.

Za a kuma ce idan ba a sa waƙar da ke tashe ba, manhaja ba za ta tura bidiyon gaba ba. Mu ne masu rubuta irin waɗannan manhajoji, mun san suna auna abin da ke tsayar da yatsa, ba ruwansu da abin da ke gaskiya. Amma ku san cinikin da kuke yi. Tun 2007 YouTube ke da tsarin Content ID, wanda ke gane waƙa kamar yadda ake gane mutum da zanen yatsa; mai waƙar na iya toshe bidiyon, ko ya kwashe kuɗin tallan da ya samar. Wato yaron Safana ya tsinci gwangwani, ya huda yatsa da waya, riba ta tafi wani kamfani a Mumbai. Abin da ya fi wannan muni, da zarar ka maye gurbin sautin, ka goge na asali don wayarka ta cika, shi ke nan. Babu manhajar da za ta dawo da shi. Nan da shekara 20, jikokin lambun nan za su ga hoton, ba za su ji yadda Katsinanci ke fita daga bakin yara a zamaninmu ba.

Ba fatawa muke bayarwa a kan kiɗa ba, ba kuma cewa muke kada a taɓa sa shi ba. Idan bidiyo na bukatar kiɗa, jihar da ta haifi Mamman Shata a Musawa ba ta yi talaucin makaɗa ba. Akwai mai gurmi a kasuwa, akwai mai sarewa a ruga. A nemi izininsa, a sallame shi, a rubuta sunansa, a kuma sassauta kiɗan ya zauna ƙarƙashin muryar yaro, kada ya hau kanta. Uwa uba, a tambayi mai jirgin da iyayensa kafin a watsa fuskarsa, ballantana a wuri irin namu da ba kowane ido ne na alheri ba.

A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya. In Allah Ya so, wata rana yaron nan zai tsaya a tasha ya ji kukan jirgin gaske, ya gwada shi da wanda yake yi da baki. Kafin ranar, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Duk wanda ainihin bidiyon nan ke cikin wayarsa, don Allah kada ya goge. A turo mana, muna so mu ji ko ƙanwar ta samu kuɗin tikiti.