Sabunta kwamfutoci: Wa ya tuna da makafin Sakkwato?

A ranar 14 ga Oktoban 2025 ne kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye tallafin da ya shafe shekara goma yana bai wa Windows 10, wato babbar manhajar da ke tafiyar da ɗimbin kwamfutocin ofisoshinmu da makarantunmu. Daga wannan rana aka daina aiko mata da gyare-gyaren tsaro, sai fa ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi, wanda shi ma aka tsayar da ƙarshensa ga ɗaiɗaikun mutane a Oktoban 2026. Saƙon dai a fili yake: kowa ya tattara ya koma Windows 11 da ta fito tun 2021.

Ga mai ido, wannan ƙaura ba ta wuce ɗan ruɗani na yini ɗaya ko biyu ba. Amma bari mai karatu ya ƙaddara wani ma'aikaci makaho a wata ma'aikata a birnin Sakkwato. Ya tashi aiki ran Juma'a kwamfutarsa na yi masa magana, ya dawo ran Litinin ya tarar masu gyara sun sabunta ta, ya danna nan shiru, ya danna can shiru. Allon na nan fes ga kowa, shi kuwa a wurinsa an kulle ofis an tafi da makulli.

Domin a fahimci dalili, sai a san yadda makaho ke aiki da kwamfuta. Yana dogara ne da manhaja mai karanta allo, wadda ke furta masa duk abin da ke rubuce, shi kuma yana sarrafa komai da madannai ba tare da linzami ba. Fitattu a cikinsu su ne JAWS, wadda ake saye, da NVDA, wadda wani matashi makaho ɗan ƙasar Ostareliya, Michael Curran, ya fara a 2006, ake kuma raba ta kyauta. A wayoyi akwai TalkBack da VoiceOver. Waɗannan manhajoji ba ganin allon suke yi ba, tambayar babbar manhaja suke yi sunan kowane abu da matsayinsa. Saboda haka da zarar an sauya babbar, to hanyar da suke bi su yi tambayar na iya sauyawa, kuma idan kiɗa ya canza dole rawa ta canza.

Matsalar farko ita ce ta kuɗi. Windows 11 ba ta amincewa da kwamfutar da ba ta da wata na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, haka nan ta ƙi yawancin injinan da aka ƙera kafin wajejen 2018. Sanin kowa ne cewa kwamfutocin gwanjo ne a hannun mafi yawan ɗalibai da ƙananan ma'aikata a wannan yanki. Haka kuma tsohuwar JAWS ba ta tafiya daidai da sabuwar Windows, alhali lasisinta na ofis ya daɗe yana haura dala 1,000, ga shi kuma Naira ta faɗi warwas tun bayan da aka sake ta ta nemi wa kanta daraja a Yunin 2023. Ita ma NVDA, duk da kyauta ce, ta daina aiki da Windows 7 a 2024, kuma a kowace shekara wasu ƙananan ƙare-ƙaren da ake ɗora mata kan tsaya cik har sai masu su sun sabunta su.

Ta biyu ita ce rushewar sabo. Makaho haddace kwamfuta yake yi kamar yadda yake haddace hanyar gidansa zuwa masallaci: danna kaza sau uku, sauka sau biyu, ga wasiƙa ta buɗe. A Windows 11 an sake fasalin jerin farawa da wurin saituna da ma'ajiyar fayiloli, har an tura wasu umarni na yau da kullum ƙarƙashin wani jeri na biyu. Haka abin yake a manhajojin bankuna, waɗanda ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya tilasta wa kowa amfani da su. Idan aka sabunta manhaja aka bar maɓalli ba suna, makaho ba zai san na aika kuɗi ne ko na sokewa ba, sai ya miƙa wayarsa da lambar sirrinsa ga wani. Wanda ya yi haka kuwa ya rasa sirri, wani lokaci har da dukiya.

Ta uku ita ce harshe. Muryar Turanci da aka saba samu a cikin waɗannan injina ba ta san bambancin ƙasa da kasa ba, ko ɓari da bari, kuma takan yi tsalle ko ta yi kame-kame in ta ci karo da haruffa masu lanƙwasa. Mai amfani kan ɓata kwanaki yana daidaita murya da ƙamusun furuci don Hausa ta saurarru, sai mai gyara ya goge komai cikin sa'a guda.

Kada a ɗauka batun mutum biyu ko uku ne. Binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato mutum fiye da miliyan ɗaya, kuma shiyyoyin Arewa maso Gabas da Arewa maso Yamma ne kan gaba. A Sakkwato akwai makarantar musamman ta A. A. Raji da ke koyar da yara makafi, wasunsu na harin Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a zamanin da neman gurbi da rajistar darussa da duba sakamako duk sun koma intanet. Hasali ma, bayan da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, sai da ta kafa kwamiti na musamman a 2017 don kula da makafi. Wannan ya nuna gyara na yiwuwa, ya kuma nuna yadda muke yi: a fara gini, sannan a tuna da ƙofa.

Dokar hana nuna wariya ga naƙasassu, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ware masu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki a hukumomin gwamnati, ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-gine, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Abin tambaya a nan shi ne, mene ne amfanin a ɗauki makaho aiki, a gina masa gangara a bakin ƙofa, sannan a ajiye masa injin da ya yi gum? Tarayyar Turai ta riga ta gane haka, domin tun Yunin 2025 dokarta ta wajabta wa masu kwamfutoci da wayoyi da hidimar banki su yi kayan da naƙasassu za su iya amfani da su. Mu da ba mu ke ƙera kayan ba, ikonmu na wajen saye da girkawa.

Don haka ya kamata kowace ma'aikata da makaranta a Sakkwato ta san yawan masu dogara da manhajar karanta allo a cikinta, kada kuma a taɓa injin ɗayansu sai yana zaune, an adana saitunansa, an gwada sauti a gabansa. A sa wannan sharaɗi cikin takardar kwangilar sayen kwamfutoci, kada a biya ɗan kwangila sai wani makaho ya gwada ya ce ya gamsu, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A koya wa masu gyara abu mai sauƙi: danna Ctrl da Windows da Enter tare yana tayar da Narrator, muryar da ke cikin Windows, wadda za ta iya riƙe mutum kafin a maido masa da tasa. Masana Hausa da na kwamfuta a jami'o'inmu kuma su haɗa kai da ƙungiyar makafi ta ƙasa wajen samar da ingantacciyar muryar Hausa ta kyauta.

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin sarautar Sarkin Makafi, wato ba a yanke hukunci a kan makafi sai da bakinsu. Abin da ake nema a ofisoshin yau bai wuce haka ba: a tambaye su kafin a danna maɓallin sabuntawa, kada garin neman gira a rasa ido. Allah Ya sa mu gyara.