A Auna Ruwan Rijiyoyinmu Tun Kafin Ya Yi Wari

Ya ku jama'ar Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa!

Dare da rana tankokin mai na ratsa mu. Wasu su miƙe hanyar Kano zuwa Zariya, wasu su karya ta Kwanar Dangora su keta dajin Falgore su nufi Jos. Gidajen mai kuma sai ƙaruwa suke a bakin titi, kowanne da tankinsa binne a ƙasa. Idan tanka ta faɗi, ko tankin da aka binne ya yi tsatsa ya huje, ina man yake tafiya? Ƙasa yake shiga, ya sauka har kan ruwan da rijiyoyinmu ke ja, ya kwanta a samansa, ya bi shi duk inda ya gangara.

A cikin fetur akwai sinadarin benzin mai haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce maikirogiram 10 a lita ɗaya ta ruwan sha. Hanci ba ya jin wannan ɗan adadi, alif kuma ba ya cire shi. Kafin uwar gida ta ce guga na warin mai, iyali sun daɗe suna sha.

A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar da rahoto kan ƙasar Ogoni. A Nsisioken Ogale an tarar mutane na shan ruwan da benzin ɗinsa ya ninka ƙa'ida fiye da sau 900, ga tataccen mai na kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan ƙasa. Awo ne ya tona wannan asiri.

To, mu ma awon muke nema. Duk inda aka binne tanki ko mai ya taɓa malala, a haƙa 'yan siraran rijiyoyin gwaji kewaye da wurin, musamman ta ɓangaren da ruwa ke gangarawa zuwa gidaje. A ɗebi ruwan da rani da damina, a kai ɗakin gwaji, a liƙa sakamakon a ƙofar fadar dagaci.

Masu unguwanni, ku rubuta wuraren da tanka ta taɓa zubewa. Kansiloli, ku kai takardar ga ma'aikatar muhalli ta jiha da hukumar NOSDRA, wadda aka kafa a 2006 domin malalar mai. Masu gidajen mai, ku gwada tankunanku; man da ya tsiyaye asararku ce kafin ya zama cutarmu. Malamai, ku faɗa a masallatai. Matasa, in tanka ta faɗi ku nisance ta; fashewar tankar da ta auku a Majiya ta Jigawa a 2024 ta ishe mu wa'azi.

Rijiyar da ake zargi kuwa, a daina sha daga yau, a kai rahoto ga mai unguwa, kuma kada a sake zura mata guga sai sakamakon gwaji ya fito.