Barasa da Sitiyari a Watan Disamba

Da zarar watan Disamba ya kama, tashoshin mota daga Legas har Kano sukan cika maƙil da masu komawa gida domin bukukuwan Kirsimeti da Sabuwar Shekara. Direba na son ya yi sawu biyu inda ya saba yin ɗaya, ga gajiya, ga hazon hunturu. A nan ne wasu kan kurɓi barasar leda a bakin tasha, wai don ido ya buɗe.

Masana sun tabbatar da cewa barasa tana shiga jini ta tumbi da ƙaramin hanji, ta isa ƙwaƙwalwa cikin 'yan mintoci. Aikinta kuwa danne jijiyoyi ne. Tun da wuri takan raunana sashen da ke auna haɗari, shi ya sa mashayi ke jin ya fi kowa iya tuƙi daidai lokacin da iyawarsa ta ragu. Ɗalibin lissafi zai iya gwadawa da kansa: motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Idan direba ya yi jinkirin rabin daƙiƙa kafin ya taka birki, mita 14 sun tafi ke nan, watau kimanin tsawon ƙananan motoci uku a jere.

Hanta ce ke sarrafa mafi yawan barasa, kuma ba ta gaggawa: abin da ke cikin ƙaramin kofin giya kan ɗauke ta kimanin sa'a guda. Goro da shayi mai kauri da wankan ruwan sanyi suna iya korar gyangyaɗi, amma ba sa rage ko ɗigo daga jini.

A 1954 wani Ba'amurke, Robert Borkenstein, ya ƙera na'urar auna barasa ta numfashi. Binciken da ya jagoranta a garin Grand Rapids, wanda aka buga a 1964, ya nuna yadda haɗari ke hauhawa da ƙaruwar barasa a jini. Faransa da Jamus sun kafa iyakarsu a kan kashi 0.05 cikin ɗari, Ingila kuwa 0.08.

Mai karatu zai iya cewa shi ba ya sha, ina ruwansa. To, ai titi na kowa ne, kuma tirelar da ta ƙwace ba ta tambayar wanda ke gabanta. Bugu da ƙari, direban da ya ƙyamaci giya amma yake haɗiyar tiramadol bai tsira ba, domin ita ma tana dusashe hankali.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, takan yi gangamin faɗakarwa kowane ƙarshen shekara. Sai dai gargaɗi ba ya ratsa wanda barasa ta riga ta ba shi ƙarfin hali. Abin da ya kamata shi ne a hura na'ura a ƙofar tasha kafin mota ta tashi, ƙungiyoyin direbobi su hana sayar da barasa a harabarsu, sannan a mayar wa fasinjan da ya ji warinta ya sauka kuɗinsa ba tare da gardama ba.