Zaƙin Baki a Kasuwa: Abin da Mai Talla Ba Ya Faɗa

A shekarar 1957 wani Ba'amurke mai suna James Vicary ya yi iƙirarin cewa ya riƙa gilma waɗansu kalmomi cikin majigi da saurin da ido ba ya iya kamawa, wai kuma saboda haka 'yan kallo suka ƙara sayen Coca-Cola da gugguru. Hankalin Turawa ya tashi ƙwarai, domin a wannan shekarar ce Vance Packard ya fitar da littafinsa a kan ɓoyayyun dabarun talla. Daga baya, a 1962, Vicary ya amsa cewa zancen nasa ba shi da tushe. To, ni a ganina, mutumin Kankiya ko na Kusada ba shi da abin tsoro a hoton da ke gilmawa a ɓoye. Abin da ke raba shi da kuɗinsa a fili ake faɗarsa, da amsa-kuwwa, cikin Hausar da ya tashi da ita.

Mai karatu ya dubi mai maganin gargajiyar da kan girke motarsa ran kasuwa. Ba ya fara da magani, da ciwo yake farawa. Sai ya jero kasala da ciwon baya da kumburin ciki da nauyin jiki in an tashi da safe, sa'an nan ya ɗora su duka a kan basir ko sanyi ko dattin ciki. Wane manomi ne ya wuni a duƙe yana noman gero bai ji ɗaya daga cikin waɗannan ba? Ke nan kowa a taron ya zama majinyaci tun ba a buɗe kwalba ba. Daga nan sai ya gangaro kan abin da Bahaushe ke jin kunyar kai wa likita, wato sha'anin iyali. Ya san magidanci ba zai tsaya ciniki a kan wannan ba, balle ya dawo ya ce bai ga aiki ba. Kunyar da muke alfahari da ita ita ce ta zama jarinsa. Akwai kuma wanda kan fara miƙa kuɗi yana yabo, wanda sau da yawa tare suka zo.

Amma dabarar da ta fi ba ni takaici ita ce ta jingina da addini. Za a ce maganin yana warkarwa "da yardar Allah". Magana ce ta gaskiya wadda Musulmi ba zai musa ba, sai dai a bakin mai talla ta zama mafaka: in an warke, magani ne ya yi, in ba a warke ba, Allah ne bai nufa ba.

Haka nan zancen "mai lambar NAFDAC". Wannan hukuma, wadda aka kafa a 1993, tana ba magungunan gargajiya wata lamba ta wucin gadi mai ƙarewa da harafin L, wadda manufarta ita ce an duba ba a ga cutarwa ba. Ba shaida ba ce ta cewa maganin yana warkar da abin da aka ce. Har ma akan wajabta rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. To, amma da Turanci ake rubutawa, da ƙananan baƙaƙe, alhali kirarin da Hausa ake rangaɗa shi. Tsohuwar da ta zo daga ƙauye wanne za ta ji?

Manyan kamfanoni ma da ruwan cikinmu suke jan na rijiya. Tallan sinadarin miya a rediyo ba ɗanɗano kaɗai yake sayarwa ba. Yana raɗa wa uwargida cewa mowa ko bora daga tukunya ake zama.

Hukumar ARCON, wadda ta gaji APCON a 2022, ita ke da alhakin tace tallace-tallace, amma da wuya mai tacewa ya iso bakin kasuwar Kankiya. Saboda haka nake roƙon malamanmu su ɗauki kirarin 'yan talla kamar yadda suka ɗauki waƙar baka, a tura mu mu naɗo shi a kasuwanni, a feɗe shi a aji, sa'an nan a nemi fili a Rediyon Jihar Katsina a bayyana wa jama'a ma'anar wannan harafi na L da Hausa.