Ɗan kiwo da mai garke: wa zai biya ɓarnar Akokan?

A ƙasar Azagor, cikin gundumar Dakoro, akwai hukuncin da ba a gardama kansa. Idan ɗan kiwon haya ya yi sake shanu suka faɗa gonar wani, mai garke ake nema a gaban hakimi. Ba ya tsira don ya ce yana gida, yaron da ya ɗauka ne ya yi barci. Makiyayin da bai taɓa shiga lakkol ba ya san wannan, amma manyan kamfanoni masu lauyoyi a Paris sun kwashe shekaru suna neman hanyar kauce masa, kuma sun samo ta. Sunanta kwangila.

A dubi Akokan, kusa da Arlit, inda samarin karkara suka daɗe suna zuwa neman aiki. Kamfanin COMINAK ya soma fitar da uraniyom a can a 1978, daga rami mai zurfin mita 250, ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, bayan ya tono kimanin tan 75,000. A ranar rufewa akwai ma'aikatan kamfani wajen 600, da kuma wasu wajen 700 da ƴan kwangila suka ɗauka. Rami ɗaya suka shiga, ƙura ɗaya suka shaƙa, iskar radon ba ta tambayi kowa takardar ɗaukar aiki ba kafin ta shiga huhunsa. Na farkon sun samu kuɗin sallama. Na biyun, da suka kai kuka, amsar da suka fara ji ita ce ba kamfani ya ɗauke su ba, su nemi iyayen gidansu. Abin da aka miƙa musu daga baya, a matsayin alheri aka ba shi, kuma alheri ba a kai ƙara a kansa.

Kada wani ya ɗauka baƙar fata kaɗai wannan dabara ke ci. Serge Venel Bafaranshe ne, ya yi aiki a COMINAK daga 1978 zuwa 1985, ciwon daji na huhu ya kashe shi a 2009. A 2012 wata kotu a Melun ta ɗora wa Areva laifi. A 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa COMINAK ce ta ɗauke shi aiki, Areva mai hannun jari ce kawai. To, idan iyalin Bature masu lauya sun kai ƙofa an ce musu ba nan ba ne, ina ga lebura ɗan ƙauye wanda tsakaninsa da uwar kamfani akwai ƙofa uku ko huɗu?

Masu kare wannan tsari suna cewa kwangila halal ce, kuma babu kamfanin da zai iya yin kowane aiki da hannunsa. Gaskiya ne. Ba wanda ya hana a ba wani aikin jigila, ko gadi, ko share rami. Abin da ake ƙi shi ne a haɗa da alhakin rai a cikin abin da aka bayar. Kamfani shi ke sa farashi, shi ke sa wa'adi. Ɗan kwangilar da aka matse ba shi da inda zai rage sai a takalmin aiki, da abin rufe hanci, da kuɗin asusun CNSS da ya kamata ya zuba wa yaransa. Faransa kanta ta amsa wannan, bayan ginin Rana Plaza ya rufta kan masu ɗinki fiye da 1,100 a Bangaladash a 2013: dokar 27 ga Maris 2017 ta wajabta wa manyan kamfanoninta sa ido kan rassansu da ƴan kwangilarsu, ko a wace ƙasa suke.

Yanzu hujjar ta juyo gida. A watan Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa, aka yi ta tafi. Sai dai wanda ya karɓi garke ya karɓi ɓarnarsa. Zagin Orano ba zai warkar da tarin kowa ba, kuma ƙasar da ta yi shekaru tana da hannun jari a waɗannan ramuka ba za ta ce jiya ta iso ba.

Ciwon uraniyom ba mai gaggawa ba ne. Yakan kwanta shekara ashirin kafin ya tashi. An buɗe cibiyar duba lafiyar tsofaffin mahaƙa, OSRA, a jihar Agadez a 2011, amma mutumin da ya koma rugarsu a kwarin Tarka, likitan da zai gani na Dakoro ne, wanda ba shi da wata takarda da ke nuna shekara nawa majiyyacin ya yi a ƙarƙashin ƙasa, ko yawan tururin da jikinsa ya sha. Wannan takarda ce ya kamata ƙungiyoyin ƙwadago da magadan gari su nema, da sunan kowane lebura, ko wane ne ya ɗauke shi, a ba shi kwafinsa a hannu ranar da ya ajiye aiki.